Taswirar waya a dajin Amurka: abin da na gani, Yaya

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kana lafiya, da Inna da yara da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayarka a kan manhajar nan ta waya da ka ji ana cewa mafarautan Amurka ba sa shiga daji sai da ita, har kana son in saya maka irinta. Bari in yi maka bayani dalla-dalla, don al'amarin ba yadda ake ba da labarinsa a gida yake ba.

Abu na farko, manhajar ba ta nuna nama. Ba za ka buɗe waya ka ga barewa tana kiwo a bayan tudu ba. Babban aikinta shi ne ta gaya maka a kan ƙasar wa kake tsaye. A nan jihar Pennsylvania, inda nake zaune kusa da birnin Harrisburg, babu dajin da ba shi da mai shi a rubuce. Wani na hukumar farauta ne ta jiha, wadda take riƙe da eka kusan miliyan ɗaya da rabi da duk mai lasisi zai iya shiga. Wani na hukumar gandun daji ne. Sauran kuwa na mutane ne, kuma a ido duk ɗaya suke: itatuwa iri ɗaya, ganye iri ɗaya, babu shinge, babu gamba a kan iyaka. Hukuma tana shafa farin fenti a jikin itatuwan iyakarta. Mai fili kuma, tun shekarar 2020, doka ta ba shi damar shafa fenti ruwan shunayya, wanda yake daidai da allon hana shiga. To amma mu da asuba muke shiga, cikin duhu da sanyi, fitila a goshi, wa zai ga fenti? Ka tsallaka da bindiga a hannu, tara ce, idan ka maimaita ana iya karɓe lasisinka. Ga baƙo irina, baƙar fata mai bindiga a bayan gidan wani, tarar ma ita ce ƙaramar damuwa. Wannan shi ya sa ban ɗauki batun taswira da wasa ba.

Wadda ta fi suna ita ce onX Hunt. Wani mutum mai suna Eric Siegfried ne ya kafa kamfanin a 2009 a jihar Montana, kuma tun kafin su fitar da manhajar waya suna sayar da ɗan katin taswira da ake sa wa a Garmin, wata na'urar hannu mai nuna inda mutum yake. Idan ka buɗe ta za ka ga hoton daji daga sama, an zana layuka a kai, filin hukuma da launinsa, filin mutane da layinsa, kai kuma ɗigo ne shuɗi yana tafiya yayin da kake tafiya. Ka taɓa fili da yatsa, sai sunan mai shi ya fito, da yawan ekarsa, da adireshin da ake aika masa takardar haraji. Ran da na fara ganin wannan sai da na riƙe baki, na tuna yadda ake kwana ana shari'ar iyakar gona a gaban mai unguwa. Kuɗinta a shekara, lokacin da na biya, kimanin dalar Amurka 35 ne ga jiha ɗaya, kimanin 100 ga ƙasar baki ɗaya. Ka kwatanta da lasisin farautar kansa, wanda mazaunin jihar yake saya a kan kusan dala 21. Wato taswira ta fi izinin tsada, amma mutane suna biya ba gardama.

Ta biyu ita ce HuntStand. Ita ma tana nuna iyakoki, farashinta bai yi nisa da na waccan ba, amma inda ta fi burge ni shi ne iska. Farautar barewa a nan zama ce. An hana kora da karnuka, sai dai kare ɗaya a ɗaure don bin jinin wadda aka harba. Mutum zai hau kujerar ƙarfe da aka ɗaure a jikin itace, ya zauna shiru tun kafin fitowar alfijir, kuma barewar nan mai farar wutsiya hancinta ya fi idonta. HuntStand tana zana maka inda iska za ta kai warinka sa'a bayan sa'a, sai ka zaɓi itacen da za ka hau tun da daddare. Masu gonarsu ko waɗanda suka yi hayar daji sun fi sonta, domin suna zana gonar, su sa alamar kowace kujera da kowace kyamarar daji, su raba wa abokansu. Duk da haka, Yaya, ban taɓa ganin tsohon maharbi a nan ya dogara da ita kaɗai ba. Kowa yana da 'yar kwalbar farin gari a aljihu, ya matsa, ya kalli inda ƙurar ta nufa, kamar dai yadda Baba yake watsa toka. Iskar cikin kwari ba ta bin hasashen waya.

Akwai Gaia GPS, wadda ta fi dacewa da masu hawan dutse da yawon ƙafa, taswirar tuddanta tana da kyau ƙwarai. Akwai goHUNT, ta masu zuwa jihohin yamma inda ake samun izinin manyan dabbobi ta hanyar ƙuri'a, ba ruwana da ita. Hukumar farautar jiharmu ma tana da taswirarta kyauta a intanet, kuma wanda ba ya wuce dajin hukuma guda ɗaya da ya sani tana iya isar sa.

Ni onX na zaɓa, kuma dalilina biyu ne. Na ɗaya, ba ni da gona, dajin hukuma nake shiga, don haka iyaka ita ce buƙatata. Na biyu, sauke taswira. Dajin da muka fi zuwa shi ne na hukumar farauta mai lamba 211, arewa da Harrisburg, kwari ne dogo tsakanin duwatsu, ya haura eka dubu 40, kuma da ka gangara ciki sabis ya ɗauke. Mutane da yawa ba su san cewa GPS ba ya buƙatar sabis ba. Wayar tana karɓar saƙo kai tsaye daga taurarin ɗan Adam, ta san inda take ko babu layi. Abin da sabis yake kawowa shi ne hoton taswirar. Saboda haka a gida kake sauke yankin da za ka shiga, ka sa wayar a yanayin jirgin sama, ka gwada ka tabbatar ya buɗe, sannan ka fita. Wanda bai yi haka ba zai ga ɗigonsa shuɗi a kan farin allo, babu komai kewaye da shi. Sanyi kuma yana shanye caji. Lokacin farautar barewa da bindiga yana buɗewa ne ranar Asabar ta bayan Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa, ƙarshen Nuwamba, lokacin da ruwan gora yake daskarewa. Wayar a aljihun ciki take zama, jikin ƙirji, tare da fawa banki, kuma kamfas na hannu ba ya barin jakata.

Bari in ba ka misalin ranar da kuɗina ya biya kansa. Abokin farautata, wani ɗan Nijar daga cikin 'yan'uwanmu da suke da yawa a garin nan, ya yi bismillah ya harbi barewa da hantsi. Ta ruga. Muka kunna abin da yake zana sawunmu a waya, muka bi jini a kan busasshen ganye, ɗigo nan, shafa can a jikin reshe, duk inda jinin ya ɓace mu sa alama mu kewaya. Can sai jinin ya haye layin da ke kan allo, ga kuma fenti shunayya a gabanmu. Muna hango ta kwance, bai fi yadi hamsin ba, zuciya tana cewa a tsallaka a yanka. Amma dokar jihar nan ba ta ba ka ikon shiga filin wani ba ko da naman naka ne. Muka taɓa filin, suna ya fito, gidan yana bakin titi. Muka sa alamar inda muka tsaya, muka ajiye bindigogi a mota, muka je da rigunanmu ruwan lemo da doka ta wajabta, muka ƙwanƙwasa. Dattijon ya ji mun kira sunansa da ladabi, ya sa takalmi ya raka mu da kansa.

Sai dai kada ka ɗauka layin nan ba ya kuskure. Duk kamfanonin daga littattafan harajin gundumomi suke kwaso shi, wani lokaci an sayar da fili sunan bai canja ba, wani lokaci layin ya kauce da 'yan taku. Ita ma wayar, a ƙarƙashin itatuwa masu duhu, tana iya kauce wa da mita biyar ko fiye. Idan allo da fenti suka saɓa, fenti nake bi. Batun 'yan takun nan har kotu ya kai a jihar Wyoming, inda filayen gwamnati da na mutane suke jere kamar gidajen dara. Wasu mafarauta huɗu daga Missouri suka bi taswirar waya zuwa kusurwar da filaye huɗu suka haɗu, suka tsallaka daga na gwamnati zuwa na gwamnati, har da tsani, ba su taka ƙasar attajirin da ke da sauran biyun ba. Ya kai su ƙara, kuma a Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba mafarautan gaskiya.

Yanzu ga batun in saya maka. Ba zan saya ba, Yaya, kuma ba rowa ba ce. Abin da ake biya wa kuɗin shi ne sunayen masu filaye da iyakokin Amurka da Kanada. Ka buɗe ta a dajinmu, babu ko ɗaya daga ciki, ka yi asarar dala. Abin da zai amfane ku shi ne ɓangaren da yake kyauta. Ka sa babban yaronka ya sauke maka manhajar taswira mai suna OsmAnd, ya sauke taswirar yankinku a inda sabis yake da ƙarfi, ya nuna maka yadda ake sa alama a inda kuka ajiye babura, da rijiya, da mashayar dabbobi, da yadda ake kunna sawu don dawowa idan hazo ya rufe gari. Fawa banki mai kyau kuwa na riga na saya, zan ba wanda zai taho bayan salla. Kuma don Allah, kafin ku fita, ku riƙa gaya wa mutanen gida wane daji kuka nufa, ka ga yadda dazukan suka zama yanzu.

A gaida Inna, a ce mata ina nan lafiya. Wassalam.