Wace Na'urar Hannu Ce Ta Fi Dacewa da Mai Son Tseren Motoci a Titunan Birni?

Mai sha'awar wasan bidiyo na tseren motoci cikin gari, irin wanda ake shiga gareji a ƙara wa inji turbo, a sauya salansa da tayoyi, a yi wa mota sabon fenti, ya kamata ya fara duba wasannin da na'urar wasa ta hannu take da su kafin ya biya kuɗinta, domin shaharar na'ura ba ta nufin tana da irin wannan wasa.

PSP ta kamfanin Sony tsohuwa ce, amma a zamaninta ne wannan salo ya fi tashe. A 2005 kamfanin Rockstar ya fitar da Midnight Club 3: DUB Edition a kanta, inda ake yawo a biranen San Diego, Atlanta da Detroit ba tare da an killace direba a hanya ɗaya ba, kuma gyaran mota a cikinsa ya kai har ga girman wili da tsayin motar daga ƙasa. Aibinsa shi ne jinkirin buɗewa daga UMD, wato ƙaramin faifan da PSP take amfani da shi, wanda yake gwada haƙurin mai wasa kafin kowane tsere. Need for Speed Carbon: Own the City na 2006 ya ƙara da abokan tsere masu tare abokin hamayya, shi kuwa Juiced: Eliminator yana bari a sa mota a caca, wanda ya sha kaye ya rasa ta ɗungurungum. Mai sayen PSP a yanzu ta hannu zai samu, don haka lallai ya gwada batirinta da wurin sa faifai.

Nintendo Switch ce ta fi rauni a wannan fage, duk da farin jininta. Need for Speed: Hot Pursuit Remastered da Burnout Paradise Remastered, waɗanda suka fito a kanta a 2020, suna da daɗin gudu, sai dai aikin gareji a cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Haka kuma maɓallanta na baya ba sa gane ƙarfin dannawa, wato totur ko dai a take shi gaba ɗaya ko a sake shi, abin da ke wahalar da mai son sarrafa mota a kwana. Ita ma PSP haka take, amma wasanninta an tsara su ne da sanin wannan.

Steam Deck ta Valve, wadda ta fito a 2022, ita ce take da totur da birki masu bin nauyin yatsa, kuma tana buɗe wasannin kwamfuta kamar Need for Speed Heat na 2019, inda ake tara kuɗi da rana, a nemi suna da dare 'yan sanda na bin mutum. Akwai kuma Tokyo Xtreme Racer na Genki da ya dawo a 2025, wanda ake haska wa abokin hamayya fitila a babban titin Tokyo don a ƙalubalance shi. Tana da nauyi, manyan wasanni suna cinye mata caji da wuri, wasu wasannin kamfanin EA, mai Need for Speed, kuma suna neman a shiga manhajar kamfanin ta intanet.

A ganina, wanda gareji ne ya dame shi kuma yana da hali, Steam Deck ce tasa. Wanda kuɗinsa bai kai ba, PSP mai lafiyayyen batir tare da Midnight Club za ta fi gamsar da shi a kan sabuwar Switch.