Tiremolo ko oktef, wacce harmonika za ka fara saya?

Tiremolo da oktef iri biyu ne na harmonika, ɗan abin kiɗan nan da ake busawa da baki. A ido kusan kamarsu ɗaya, ramuka layi biyu sama da ƙasa, shi ya sa mutane da yawa ke ɗaukar wadda ta fara zuwa hannu, amma da ka sa a baki za ka ji ba hanyarsu ɗaya ba sam. Ina busa duka biyun, kuma in dai sabon shiga ne kai toh ni dai tiremolo nake ba ka shawara, musamman irin ta Japan.

A tiremolo kowane sauti harsunan ƙarfe biyu ne ke fitar da shi tare, an saita ɗaya ya ɗan haura ɗan uwansa kaɗan. Misali in ɗaya na kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ɗayan kuma 443, kunnenka zai ji muryar tana rawa sau 3 a daƙiƙa, kamar mutum biyu na rera waƙa ɗaya muryarsu ba ta haɗu cif ba, kuma wlh nan daɗin yake. Waƙa mai sanyi wadda ake jan sauti a cikinta, babu kamar tiremolo. Oktef ita ma harsuna biyu ne, sai dai ɗaya na ƙasa ɗaya na sama da tazarar oktef guda cur, wato na saman yana kaɗawa ninki biyu na na ƙasan, babu rawa ko kaɗan, murya ce mai kauri da cika.

Abin da ya sa na ce ta Japan, Tombo Band mai rami 21 ko Suzuki Humming, tsarin sautukansu ne. Tun daga ƙasa kana samun abin da waƙa take buƙata. Na Jamus kuwa irin Hohner Echo an cire wasu sautuka a ɓangaren ƙasa don in ka busa ramuka da yawa lokaci guda su haɗu da daɗi, yana da amfani in kana raka kanka da kanka, amma kana tsakiyar waƙa sai ka nemi sauti ka rasa, dole ka hau sama. Echo ɗin mai fuska biyu, an saita gefe ɗaya a kan sautin C ɗayan kuma a kan G, ina sonta sosai, muryarta akwai zaƙi, kuma kamfanin Hohner tun 1857 yake wannan sana'a a garin Trossingen na Jamus. Kawai ka sani jikinta na katako ne, katako kuwa yana shan danshin baki, dole ka kula da shanya ta. Tombo Band jikin roba ne, ba ruwanka da wannan. Masu busa a Japan da Chaina har ɗora biyu suke yi, C da C# wadda ta ɗan haura ta kaɗan, ɗaya kan ɗaya a hannu, don su samu duk sautukan da ke tsakani.

Oktef fa ba wai ba ta da kyau ba ne, in ana kiɗa mai sauri da gita ko akodiyon ita ce ba ta nutsewa, tiremolo a nan sautukanta sai su cakuɗe. A cikin oktef na fi jin daɗin Seydel Concerto Steel, mai ɗan lanƙwasa a baki, harsunanta baƙin ƙarfe ne mara tsatsa, ga ƴan fallayen da ke tare iska kada ta zurare. Tsarinta na Knittlinger ne, wato kowane rami ana busawa ana zuƙa kamar ƙaramar harmonika mai rami 10, don haka wanda ya saba da waccan zai gane ta nan take. Hohner Comet kuma tsarin Wiener take bi irin na tiremolo, ramin busawa daban na zuƙa daban.

Matsalar oktef ita ce ba ta rufa asiri. Tana cin iska fiye da tiremolo, kuma in ka matsa mata da ƙarfi harshen ƙasa yana ɗan sauka, sai ka ji tana rawar da ba a so. Na taɓa samun wata mai araha mara suna, rami ɗaya ya goce kaɗan, duk sanda na iso wurin sai na ji gwaf gwaf a kunne, na rufe layin sama da leɓe na busa na ƙasa shi kaɗai, nan na gane wanne harshe ne ya lalace. Ka yi wannan gwajin ga duk wadda ka saya, rami bayan rami, a hankali. A tiremolo irin wannan gocewar sau da yawa ba ma za ka lura ba tunda dama rawa take.

In kuma kiɗan bulus (blues) kake so ka busa kana lanƙwasa sauti, wato kana jan sautin ya ɗan sauka, dan Allah kada ka wahalar da kanka da ko ɗaya cikinsu, harsuna biyu ba sa yarda su lanƙwasu tare cikin sauƙi, nemi mai rami 10 layi ɗaya. Ga sauran mu, fara da tiremolo mai rami 21 a C, in numfashinka ya zauna sai ka ƙaro oktef.