Gano rumfar zaɓe a Legas: shafin INEC ko zuwa da ƙafa?

Tun da hukumar zaɓe ta INEC ta ƙara yawan rumfunan zaɓe zuwa 176,846 a shekarar 2021, aka mayar da wasu masu zaɓe sababbin rumfuna, don haka adireshin da ke jikin tsohon kati ba lallai ne ya ci gaba da zama daidai ba.

Duba shafin hukumar a intanet ya fi sauƙi, domin mutum yana zaune a shagonsa a Agege ko kasuwar Mile 12 zai shigar da bayanansa ya ga sunan rumfarsa, ba tare da ya shiga cunkoson motoci ba. Sai dai sunan mahaɗar titi ko makarantar firamare ba ya wadatar da wanda bai daɗe a unguwar ba.

Zuwa ofishin hukumar na ƙaramar hukuma, sannan a taka har rumfar, yana cin lokaci da kuɗin mota, amma a ganina ya fi amfani a Legas, saboda ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar ababen hawa, kuma wanda ya yi rajista a Idi-Araba ya koma Alaba Rago da zama yana bukatar sanin nisan tun da wuri.