Sanarwar rediyo ko saƙon waya: amsa ga Hajiya

Hajiya, kin tambaya ko ƙungiyarku ta mata masu aikin fata ta biya kuɗin sanarwa a rediyo don bajen kolin da za ku yi, ko kuwa WhatsApp da Facebook sun wadatar. Na daɗe ina rubuta wa wata ƙungiya sanarwa a nan Damagaram, bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

A da, hanyar ɗaya ce. A rubuta takarda, a buga mata hatimi, a hau babur a kai gidan rediyo, a biya, a jira lokacin sanarwa. Kafin 1994 ma, da aka fara buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu a Nijar, Muryar Sahel ce kawai ƙofar. Daga baya su Anfani suka zo. Ƙungiya ta yi magana, jama'a su saurara, shi ke nan. Wanda bai ji daɗi ba sai dai ya yi ƙorafinsa a fada wajen shan shayi.

Yanzu kuwa kafin ki aje waya amsa ta dawo. Wata ta tambayi kuɗin jaka, wani a Agadas ya ce a aiko masa da hoton takalmi, wata ta ce wanda ta saya bara ɗinkinsa ya kwance, a gaban kowa. Wannan shi ne babban canjin: mai hulɗa da jama'a ya koma mai sauraro da ba da haƙuri, ba mai shela kaɗai ba. Idan ba ku da wadda za ta zauna kan waya tana amsawa, kada ku buɗe shafi, don shirun da ake yi wa mai tambaya ya fi ɓata suna.

Wajen arha da sauri da nuna kaya, waya ta yi wa rediyo nisa. Fata aba ce ta ido. Amma saƙon waya ba ya mutuwa. Mun taɓa kuskuren rana a wata gayyata. Rediyo ya gyara washegari, magana ta ƙare. Tsohon saƙon murya kuwa ya ci gaba da yawo gurup-gurup, har wasu dattijai mata suka biya kuɗin mota daga Mirya suka tarar da ƙofa a rufe. Har yau abin yana damuna.

Rediyo kuma yana shiga inda mega, wato intanet ta waya, ba ta shiga: ƙauyukan Magarya, Tanut da Gure, da kunnen tsohuwar da ba ta karatun boko. Sannan "an faɗa a rediyo" har gobe yana da nauyin da "na gani a gurup" ba shi da shi. A kula kuma, tun 2019 akwai dokar laifukan intanet a ƙasar nan, a tauna magana kafin a tura.

Su kansu gidajen rediyon sun shiga waya. BBC Hausa da ta fara tun 1957, yau matasanmu a Facebook suke bin ta.

Da ni ce ke, Hajiya, zan biya sanarwa ta kwana uku kafin ranar, da safe da kuma bayan magariba. Sai ki roƙi mai gabatarwa ya ba ki muryar da ya naɗa, ki haɗa da hotunan jakunkuna biyar masu kyau ki tura. Ki tabbata ya faɗi rana da wuri sau biyu a ciki.