File History ko Google Drive: wanne ya dace da kwamfutar shago?

Malam, ka ce kwamfutar shagonku na buga takardu cike take da ayyukan ɗalibai da rasit na shekaru, kana neman manhajar da za ta riƙa ajiye kwafi da kanta ba tare da ta dame ka ba, kuma hankalinka ya karkata ga Google Drive. Kafin ka yanke shawara, ka auna shi da File History, wanda yake cikin Windows tun daga Windows 8.

File History ba ya cin data ko kaɗan. Hard disk na waje za ka jona, ka kunna shi sau ɗaya a Control Panel, shi ke nan. Duk awa ɗaya zai kwafi abin da ya canza a Documents, Pictures da Desktop, kana ta aikinka ba ka ma sani ba. Abin da ya sa nake son sa shi ne yana riƙe tsofaffin kwafi. A ce yaron shago ya share babi na uku a aikin wata ɗaliba da azahar, kuma ya adana a haka, sai ka koma kwafin safe ka ɗauko mata abinta. Sai dai ka lura, idan kana tara aiki a wata folda a D:, wato wani ɓangare na hard disk ɗin kwamfutar, dole ka saka wannan folda cikin Libraries, wato rukunin foldoji na Windows da File History ke kwafa, in ba haka ba, zai tsallake ta. Babban rauninsa kuwa, hard disk ɗin yana nan kusa da kwamfutar. Ɓarawo, ko gobara, ko wutar da aka dawo da ita da ƙarfi, duk suna iya tafiya da su tare.

Nan ne Google Drive ya fi shi, domin kwafin yana can nesa, a intanet. Amma GB 15 ne kawai kyauta, kuma da Gmail da Google Photos ake raba shi. Sannan madubi ne: ka goge a nan, ya gogu a can, kwana 30 kacal zai yi a kwandon shara. Ga kuɗin data, musamman a lodin farko.

Da ni ne, File History zai ɗauki komai, Google Drive kuma ya riƙe folda ɗaya ta rasit da takardun da ba za a iya sake bugawa ba. Bayan mako guda ka goge wani fayil marar amfani da gangan, ka gwada dawo da shi ta kowannensu.