Lamunin gida na asusun NHF: ina ya dace da mutumin karkara a Kano da Jigawa, ina kuma bai dace ba

Duk ma'aikacin da ake yankar masa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi da sunan NHF yana da haƙƙin neman wani lamunin gida da wuya a sami mai araharsa a Najeriya. Asusun Gidaje na Ƙasa ke nan, wanda dokar soja mai lamba 3 ta 1992 ta kafa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, kuma ke riƙe da shi. Ɗan kasuwa da manomi ma suna iya yin rajista da kansu su riƙa zubi, in dai sun kai shekara 18. Abin da za mu auna a nan shi ne amfanin wannan tsari ga malamin firamare a Gwaram ko Bagwai, da ma'aikacin asibiti a Kafin Hausa ko Sumaila, da mai cin kasuwar Maigatari ko Gujungu. Hukuncinmu tun daga farko: farashinsa abin yabo ne, amma an tsara shi ne a kan filin birni mai takardar gwamna, kuma yawancin masu sa hannu ba sa karanta sashen da ya ba banki ikon sayar da gidan.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Sai ka yi zubi na aƙalla wata shida. Kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, wa'adin biya yana kaiwa shekara 30, abin da za a riƙa cira kowane wata kuma ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu ba. A da iyakar lamunin naira miliyan 15 ce, daga baya aka ɗaga ta zuwa miliyan 50, amma wannan ba damuwar mai albashin ƙaramar hukuma ba ce. Ba kai tsaye FMBN ke miƙo maka kuɗin ba. Kana nema ne ta hannun wani ƙaramin bankin lamunin gidaje mai lasisi, shi zai haɗa fayil ɗinka ya tura, shi kuma zai bi ka bashi. Kafin ka taka zuwa Dutse ko Kano, danna *219# ka ga ko abin da ake cira yana shiga asusunka. Ana samun wuraren aikin da ke cira ba sa turawa, kuma wanda zubinsa bai bayyana ba, a wurin banki bai fara ba.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi a gida. Wanda ya ci naira miliyan 5 a kan shekara 30 zai riƙa biyan kusan naira 30,000 a wata, don haka sai albashinsa ya kai wajen 90,000. Mai mafi ƙarancin albashi na 70,000 ba zai sami abin da ya kai miliyan 4 ba. Shekaru ma suna yanke hukunci, domin ana auna wa'adin da abin da ya rage maka a aiki. Mai shekara 45 da zai yi ritaya a 60, shekara 15 ce tasa, biyan wata a kan miliyan 5 ɗin nan kuma ya haura 42,000, albashin da ake nema ya wuce 126,000. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yadda ruwa ke cinye biyan farko: cikin 30,000 ta watan farko, 25,000 ruwa ne, kusan 5,000 kawai ke rage uwar kuɗi. Bayan shekara goma cur ana biya, mutum ya zuba kusan miliyan 3.6, amma har yanzu ana bin sa sama da miliyan 4.1. Wanda ya san wannan ba zai ɗauka cewa daɗewa yana biya za ta kare shi ranar da ya gaza ba.

Kafin alƙalami shi ne inda tsarin ya yi abin a zo a gani. Kafin 2018 ana neman kashi 10, 20 ko 30 cikin ɗari gwargwadon girman lamunin. A waccan shekara, lokacin Ahmed Musa Dangiwa na shugabancin bankin, aka soke shi ɗungurungum ga lamunin da bai wuce miliyan 5 ba, daga nan zuwa miliyan 15 kuma aka mai da shi kashi 10. Wannan sauƙi ne na gaske. Sai dai rashin kafin alƙalami ba ya nufin za ka shiga da aljihu wayam. Akwai kuɗin safiyo, da na mai ƙiyasta darajar gida, da na binciken fayil a ma'aikatar filaye, da harajin hatimi, da rajistar takardar jingina, da kuɗin neman amincewar gwamna, da inshorar gobara da ta rai, da shaidar biyan haraji ta shekara uku. Mai son gini a filinsa zai ƙara da zanen gini da hukuma ta amince da shi da ƙiyasin kayan aiki. Duk waɗannan daga aljihunka suke fita, yawanci kafin ka ga ko kwabo. Ka nemi a rubuta maka su ɗaya bayan ɗaya a takarda mai hatimin bankin tun ranar farko.

Ga gidan da ya wuce miliyan 5 akwai wata ƙofa. A watan Satumba na 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idar da ta ba mai asusun fansho damar ciro har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara ya biya kafin alƙalami. Sai yana kan aiki, ya yi zubi na wata 60, saura aƙalla shekara uku ya yi ritaya, kuma sau ɗaya ake yi a rayuwa. Miji da mata masu aiki suna iya haɗa nasu. Gidan miliyan 10 na neman miliyan 1, ke nan sai asusunka ya kai miliyan 4. Kuɗin ba sa biyowa ta hannunka, daga kamfanin fansho suke wucewa bankin. To amma a lura da kyau: Kano da Jigawa suna tafiyar da fanshon ma'aikatansu ne a asusu guda na bai-ɗaya, ba asusun kowa daban ba. Saboda haka wannan ƙofa ta ma'aikacin tarayya ce da na kamfani. Malamin makaranta na ƙaramar hukuma ba shi da asusun kansa da zai ciro rubu'insa, dole ya koma ga adashi, ko ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki, ko abin da kaka ta kawo. Mai asusun ma ya tuna cewa abin da ya cira yau daga fanshon tsufansa ya fita, kuma in aka sayar da gidan kan bashi, an yi biyu babu.

Yanzu ga babban cikas, takarda. A ƙauye gida yana tsayawa ne a kan shaidar dagaci da mai unguwa, da takardar ciniki mai sa hannun shaidu, wani lokaci da takardar ƙaramar hukuma. A tsakaninmu wannan ya isa, ba mai ja. A wurin banki bai isa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta raba haƙƙin zama gida biyu: wanda gwamna ke bayarwa, da na gargajiya wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa a wajen birane. Abin da bankin lamuni ke so ya riƙe shi ne satifiket ɗin gwamna, sashe na 22 na dokar kuma ya ce ba a jinginar da shi sai da amincewar gwamnan. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nauyin wannan a 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda jingina ta rushe saboda ba a nemi amincewar ba. Tun daga nan ba bankin da ke wasa da wannan mataki. Mai fili a Ɗambatta ko Rano zai bi ta KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar, da ma'aikatar filaye a Kano, na Jahun ko Babura kuma ya nufi ma'aikatar filaye a Dutse, a yi awo, a buɗe fayil, a jira. Wannan jira, da jiran FMBN ya saki kuɗi, su ne ke kashe ciniki: mai gida ya gaji ya sayar wa wani, ko siminti da rodi da kwanon rufi su tashi har ƙiyasin da aka amince da shi ya kasa kai ginin linta.

Gidan gado da ba a raba ba kada ma a fara. Ɗaya daga cikin magada ba shi da ikon jinginar da rabon ƙannensa mata da marayu, in kuma ya yi, rigimar da za ta biyo baya ta fi bashin muni. Haka ginin ƙasa: mai ƙiyasi yana kallon abin da za a iya sayarwa ne a kasuwa, gidan jar ƙasa mai rufin azara a cikin ƙauye kuwa ba ya ɗaukar bashin miliyoyi komai faɗinsa. Mutanen bakin kogin Haɗeja, irin su Ringim, Auyo da Miga, su tambayi ko inshorar ta haɗa da ambaliya. Ta gobara kaɗai ba ta biyan gidan da ruwa ya ci, irin wanda aka gani a 2022, bashin kuma ba ya rushewa tare da katanga.

Mu a nan mun saba da jinginar gona, inda mai ita zai dawo ko bayan shekara nawa ya ajiye kuɗi ya fanshi abarsa. Jinginar banki ba haka take ba, tana da ranar da fansa ke rufewa. Dokar da kotuna ke dubawa a galibin jihohin Arewa ita ce tsohuwar dokar cinikin ƙasa ta Ingila ta 1881. Idan an yi jinginar a cikakkiyar takarda mai rajista, banki yana iya sayar da gidan ba tare da zuwa kotu ba da zarar ɗaya cikin abu uku ya faru: an ba ka takardar neman biya ka yi wata uku ba ka biya ba, ko ruwa ya taru na wata biyu, ko ka saɓa wani alkawari na cikin takardar, kamar barin inshora ta mutu ko sa ɗan haya ba izini. Takardu da yawa ma suna ɗauke da layin da ya soke waccan jira ta wata uku. Layin nan shi ne za ka sa lauyanka, ba na banki ba, ya nuna maka da yatsa kafin ka sa hannu. Idan kuwa satifiket kawai ka ajiye ba a kammala rajista ba, sai banki ya samo umarnin kotu tukuna.

A aikace abin yana farawa ne da kiran waya da wasiƙar tuni, sai wasiƙar lauya, sai mai gwanjo. A wannan tsakani ne ake ceton gida. Wanda aka dakatar wa albashi, ko aka sallama, ko ritaya ta riske shi giratuti bai fito ba, ya rubuta wa bankin tun a watan farko ya nemi a sake tsara biyan, ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ɓuya da kashe waya su ne ke gaggauta gwanjo. In abin ya fi ƙarfinka, nemi izini ka sayar da kanka, domin dillalin garinku zai samo farashin da gwanjo ba zai kawo ba. Har zuwa lokacin da aka ƙulla ciniki da mai saye kana da damar biyan duka bashin da kuɗin ɗawainiya ka fanshi gidanka. Bayan nan ƙofa ta rufe. Kotu ba ta cika dakatar da sayarwa ba sai ka ajiye abin da banki ke nema a gabanta, kuma cewa an sayar da araha kaɗai ba ya rushe ciniki sai an nuna haɗin baki ko zamba. Daga kuɗin da aka samu ake cire ɗawainiyar sayarwa, sannan bashi da ruwansa, ragowar taka ce kuma kana da haƙƙin ganin lissafi a rubuce. In bai kai ba, cikon yana wuyanka. Idan mai bashi ya rasu, inshorar rai ce ya kamata ta biya, shi ya sa iyali su san inda takardarta take, su kuma sanar da banki da wuri kafin a zauna rabon gado.

Ba za a yi wannan magana a Kano da Jigawa a tsallake riba ba. Kashi 6 ɗin nan ruwa ne, ƙanƙantarsa ba ta sauya sunansa, kuma wannan kaɗai ya hana dubban masu zubi kusantar lamunin. FMBN ya sanar da tsarin haya mai ƙarewa da mallaka a kan ƙa'idar ijara, bankunan Jaiz da TAJ ma suna da nasu hanyoyin mallakar gida marasa ruwa. Sai dai gidajen haya-zuwa-mallaka suna cikin rukunin gidajen da aka gina a manyan garuruwa ne, ba a ƙauyenku ba, kuma a ijara gidan na mai ba da haya ne har ka gama biya, don haka a nan ma sai ka tambayi abin da zai faru da kuɗin da ka riga ka zuba in ka gaza a tsakiya.

Wa ya kamata ya nema? Ma'aikacin da bai wuce shekara 40 ba, mai albashin da ke zuwa a kan kari, mai fili ko gidan bulo a hedikwatar ƙaramar hukuma kamar Wudil, Bichi, Gumel ko Kazaure, da satifiket a sunansa shi kaɗai, wanda kuma ya gamsu da hukuncin addini a kan tsarin da ya zaɓa. A gare shi wannan ya fi lamunin bankin kasuwanci nesa ba kusa ba. Wanda gidansa ke kan takardar dagaci ya fi masa ya nemi ƙaramin lamunin gyaran gida da FMBN ke bayarwa ta hannun wurin aiki, wanda ake cira daga albashi, ya zuba rufi da daɓe, ya fara bin satifiket a hankali. Wanda bai ci lamunin komai ba kuma ya adana lambar rajistarsa ta NHF, domin idan ya yi ritaya ko ya cika shekara 60 yana da haƙƙin a mayar masa da abin da ya zuba.