Na'urar haɗa ruwan azurfa a gida: jaka 25 na saye ta, ga abin da na gani

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun bayan sallah mutane ke ta tambayata kan ƴar na'urar nan da ake talla a WhatsApp, wadda ake haɗa ruwan azurfa da ita a gida wai a sha ya kashe duk wata cuta da ke jiki. To yau dai na ce bari in zauna in faɗi abin da na gani da idona, don ni da kuɗina na saya kuma ta yi wata biyu da wani abu a ɗakina nan Damagaram.

A hannun wani bawan Allah mai kawo kaya daga waje na saye ta, muka haɗu bakin Kasuwar Dole ya miƙo min a leda, jaka 25 ba ragin ko dala. Cikin kwalin akwai ƴar baƙar roba kamar girman sabulun wanka, da wayoyi biyu masu ɗan baki irin na cajin batir, da sandunan azurfa guda biyu sirara kamar tsinken tsintsiya an buga musu lamba 999, sai sharja, sai wani ɗan abin awo kamar biro da ake tsomawa a ruwa yana nuna lamba. Takardar bayani da Ingilishi ce da rubutun Sin, ko kalma ɗaya babu ta Faransanci, sai da ƙanena ya karanta min.

Maganar gaskiya na'urar tana aiki, wato tana yin abin da aka ƙera ta don shi. Kuran, wato wutar lantarki, kaɗan ke bi ta tsakanin sandunan yana ɓanɓaro azurfar ƙanana ƙanana tana shiga ruwa, har za ka ga sanda ɗaya ta yi baƙi sai ka goge. Ba ta taɓa lalace min ba. Matsalar ba a nan take ba.

Farko dai ruwa. Takardar ta ce sai tataccen ruwa wanda babu gishirin komai a ciki. Mu nan da ko na pampo sai an tashi tsakar dare ana jira, ko a bi ƴan garuwa da rani, ina za mu samu wannan kullum? Ran farko da na pampo na gwada, cikin ƴan mintoci ruwan ya yi fari dumu-dumu kamar an zuba nono, ni ina murna wai ya yi ƙarfi. Wani abokina mai koyar da kimiyya a lise ya zo ya gani ya ce a'a, gishirin da ke cikin ruwan ne ya haɗe da azurfar suka zama wani abu daban. Na kira mai kayan, ya ce ai ruwan batir zan saya. Don Allah ƴan uwa ku ji wannan da kyau, a wajen masu gyaran batir akwai kwalbar tataccen ruwa akwai kuma ta asid, wani lokaci a gora iri ɗaya ba rubutu, kuma ko tataccen ba don sha aka yi shi ba. Mutumin da zai tura ka can ka samo abin da iyalinka za su sha, bai damu da ku ba.

Shi kuma ɗan biron awon, abokin nawa ya ce in tsoma shi a ruwan pampo zalla tun ban sa sandunan ba. Na tsoma, ya nuna lamba. Ashe duk abin da ya narke a ruwa yake ji, ba azurfa kaɗai ba. Ke nan ba ka san yawan abin da kake sha ba, yau ya yi rawaya-rawaya gobe ya yi toka-toka, kowace kwalba da irin nata. Sandunan ma na kai wa wani Buzu maƙerin azurfa a Zango, ya jujjuya ya goga ya ce azurfa ce kam amma ba zai rantse tsantsa ce ba, don wadda ake zobe da sarƙa da ita, mai lamba 925, da jan ƙarfe a cikinta, kuma lamba kowa na iya bugawa.

Duk da haka ban daina ba, don an cika min kunne da saƙon murya, wai yana maganin tifoyid da palu, wato zazzaɓin cizon sauro, da olsa da sanyi da suga har da hawan jini. Inna tana sha cokali safe da yamma saboda gwiwa, ni ma ina sha. Da damina ƴata mai shekara 6 ta tashi da zazzaɓi, mamanta ta ce mu tafi likita, na ce mu fara gwada wannan tukuna. Kwana biyu ina ba ta. Dare na uku jikinta ya yi zafi rau kamar garwashi, tana rawar sanyi tana amai, ido ya faɗa, ko ɗaga kai ba ta yi in na kira sunanta. Mamanta ta goye ta muka hau kabu-kabu. Suka soki yatsa suka ɗiga jinin a ɗan abin gwajin palu, layi biyu suka fito, palu ne kuma ya yi nisa, sai da aka sa mata ƙarin ruwa da allurai kwana uku muna can. Majon ya tambaye ni me aka ba ta a gida, na ciro kwalbar daga aljihu. Ya ɗaga ta ya duba ya ce "Malam, wannan ba ya taɓa palu, da ranar farko ka kawo ta da ƙwaya kawai za mu ba ku ku koma gida." Alhamdulillahi ta tashi, amma har yanzu in na tuna daren nan gabana faɗuwa yake.

A bencin likitar nan ne na sa ƙanena ya bincika min a salula, abin da ya kamata in yi tun kafin in fidda kuɗina. Jikin mutum ba ya buƙatar azurfa ko kaɗan, ba kamar sinadarin ƙarfe ba da jini ke so. In ana sha tana taruwa ne a jiki, a hankali fata ta koma toka-toka mai shuɗi, musamman inda rana ke duka, ana ganinta kuma a dasashi da farce da farin ido. Sunan abin arjiriya, kuma in ya zauna ba ya gogewa ko an daina sha. Ku nemi hoton wani Ba'amurke Paul Karason, shi ma a gida yake haɗa nashi da irin wannan na'ura, aka nuna shi a talabijin a 2008 fuskarshi shuɗiya kamar an tsoma a marina. Ya rasu a 2013, ciwon zuciya ne ba azurfar ba, amma da launin ya tafi. Akwai kuma Stan Jones, ɗan siyasa a jihar Montana, wanda ya fara haɗa nashi a 1999 shi ma fatarshi ta canza. A wannan shekarar ta 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da hukunci cewa ba a yarda kayan ruwan azurfa da ake sayarwa suna magani ba, ba a kuma yarda ba su da illa ba. Tunda inda rana ke duka fatar ta fi canzawa, ku duba zafin ranar da muke gani a Damagaram, mu da wuni muke cikinta.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne ruwan azurfar yana rage wa jiki shan wasu magungunan gaske, irin su siprofuloksasin da tetarasikilin da maganin maƙoƙo na tiroksin. Sipron nan kuwa da shi ake yawan maganin tifoyid. Ke nan mai haɗa su biyu don ya warke da sauri, ƙarfin na likitan yake ragewa bai sani ba.

Ban ce azurfa ba ta da amfani ba, kar in zalunce ta. Tana kashe ƙwayoyin cuta a waje, shi ya sa man ƙuna irin Flammazine da ake samu a farmasi da azurfa a cikinshi, akwai kuma tukwanen laka na tace ruwa da ake shafa musu ita. Da wannan gaskiyar masu talla ke kama mutane. Amma man da likita ya rubuta a shafa a ƙuna na ƴan kwanaki daban, abin da mutum ya dama a kofi bai san awonshi ba yana ɗura wa ciki wata da watanni daban.

Na koma wajen mai kayan na ba shi labarin yarinyar, ko sannu bai ce ba, wai ni ne ban iya haɗawa ba kuma kaya in sun fita ba sa dawowa. Inna sati biyar ta yi tana sha, gwiwar tana nan yadda take. Na karɓe kwalbar na zubar, na kai ta aka duba ta, har yau wani lokaci nakan ce Inna buɗe baki in gani, in haska dasashinta da fitilar salula, Allah Ya rufa asiri ba mu ga komai ba.

Mutum biyu sun ce in sayar musu jaka 10, na ƙi, na yanke wayoyin da almakashi. Sandunan na mayar wa maƙerin nan ya narka, ya ce za su isa ƴan kunne na yarinyar, ranar Alhamis in na shiga kasuwa zan biya in karɓo.